Fentin murafan robar inji a gida: gwangwani, roba mai ɓarewa, ko bindigar mai fenti?

Ranar da na fara ɗaga bonet ɗin Nissan 350Z ɗina a wurin wankin mota da ke wajen Ƙofar Ƙaura, raina bai yi daɗi ba. Jikin motar yana ɗaukar ido, amma murafan robar da ke cikin ɗakin inji duk sun koɗe. Baƙin ya koma toka-toka, jar ƙasa ta shige kowane lungu, ga tabon baƙin mai a gefen murfin sama. Motar ƙirar 2006 ce, ta sha hanya a Amurka kafin ta biyo ta Kwatano ta iso hannuna. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan mota ya san duk inda ya tsaya sai an ce ya buɗe a ga injin, kuma abin da ido ke fara sauka a kai shi ne wannan roba.

A satin na sayi gwangwani 2 na jan fentin feshi, na wanke murafan da omo, na shanya su, na feshe su a tsakar gida bayan azahar. Ranar sun yi kyau. Bayan sati 3 sai na ga bakin murfin batir ya ɗago. Da na sa farce, fentin ya biyo hannuna a shimfiɗe kamar saɓar maciji, robar ƙasa fes, ko ɗigon ja bai rage ba. Murfin saman inji shi ya riƙe nashi, sai dai ya cika da ƙananan ramuka masu kama da idon kifi.

Na kwashe su na kai ma wani dattijo mai fentin mota. Bai ko tsaya kallon jan ba. Ya kifa murfin batir, ya goge bayanshi da babban yatsa, sai ga wasu haruffa da aka buga a jikin robar.

"Alhaji, ka karanta wannan kafin ka fesa?"

"A'a, Baba, ban ma san da shi ba."

"To shi ne sunan robar. Wagga ba ta shan fenti sai an yi mata sharar fage. Waccan kuma man taya suka shafa mata wurin wanki, shi ya huda maka aikinka."

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni wane fenti zai saya, abin da nake fara ce mashi shi ne ya kifa murfin tukuna. Masu ƙera motoci suna buga sunan robar a bayan kusan kowane yanki, tsakanin alamomi biyu masu kama da bakin kibiya. Za ka ga >PP<, ko >PP-TD20<, ko >PA6-GF30<, ko >PA66-GF30<, ko >ABS<. Waɗannan 'yan haruffa su ne za su yanke maka rabin shawara.

PA nailan ne, GF30 kuma na nufin kashi 30 cikin 100 na jikinshi zaren gilashi ne da aka cuɗa don ya yi ƙarfi. Shi aka fi sa wa a wuraren da ke kusa da zafi, domin PA6 ba ya narkewa sai wajen digiri 220, PA66 kuma wajen 260. Yana karɓar fenti ba laifi, amma yana da halaye biyu. Yana shan laima, don haka in ka wanke shi ka ba shi kwana ɗaya cur ko fiye ya bushe har ciki. Sannan in ka matsa mashi da sanfefa mai kaushi, zaren gilashin yana tasowa kamar gashi, ya fito ta cikin fentin.

PP kuwa ita ce robar kujerun biki. Tana narkewa wajen digiri 160 zuwa 165, tana da arha, ba ta da nauyi, shi ya sa ake yin murafan gefe da akwatin iska da ita. TD20 na nufin an haɗa ta da kashi 20 na garin wani farin dutse mai laushi. Matsalarta ita ce santsin da ke cikin halittarta: zuba mata ruwa ka gani, dunƙulewa yake yi ya gangare. Yadda ta ƙi ruwa haka take ƙin fenti da gam. Ita ce ta kware mani jan nan. ABS ba ta da wannan gardama, fenti yana kama ta cikin sauƙi, sai dai tana fara laushi wajen digiri 100, kuma tina mai ƙarfi, wato ruwan tsinka fenti, yana cinye fuskarta. Ba kasafai za ka same ta a kan inji ba.

Yanzu maganar lambar zafi, wadda ita ce ke ruɗa mafi yawan masu saye. Gwangwanayen da aka yi don inji, irin na VHT da Dupli-Color, suna ɗauke da 500 ko 550 a jiki. Ma'aunin Faranhait ne na Amurka, wato kimanin digiri 260 zuwa 288 a ma'aunin da muke amfani da shi. Mutum ya ga haka sai ya ɗauka duk fentin da bai kai nan ba zai ƙone. Amma ruwan lagireto da ke zagaya inji yana aiki ne tsakanin digiri 90 da 105, murfin roba kuma a saman injin yake zaune, kan 'yan ƙafafun roba, ba ya taɓa salansa. In har zafi ya kai 260 a wurin, murfin PP ya daɗe da narkewa. Kenan ba zafi ne babban abokin gabar fentinka ba. Abubuwan da ke kashe shi su ne rashin kamawa, da fetur, da baƙin mai, da man birki, da hannun bakanike da sifanarshi. Da waɗannan ya kamata a auna kowace hanya.

A nan zan cire abu ɗaya daga lissafi gaba ɗaya: fentin salansa, wanda aka rubuta yana jure sama da digiri 700. Irin wannan ba ya taurara sai an gasa shi mataki-mataki har ya haura digiri 300. A kan roba ba zai taɓa samun wannan gashin ba, zai zauna ɗanye, yatsa ma yana goge shi. Haka fentin gari da ake gasawa a tanda, wanda ake yi wa rim ɗin taya: yana buƙatar digiri 180 zuwa 200, na ƙarfe ne.

Kafin a zo kan hanyoyin, akwai aikin da kusan duk sun yi tarayya a kai, kuma shi ne ya fi cin lokaci. Ka cire murafan daga mota, inji a sanyaye. In akwai soson rage ƙara a ƙarƙashin murfin sama, ka cire shi in yana ciruwa, ko ka rufe shi da takarda. In ka tarar ya jiƙe da baƙin mai, to gasket ɗin saman inji yana yoyo, ka fara gyara wannan, don soso mai shan mai a kan inji haɗarin gobara ne. Sai wanki da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da burushi, ba sau ɗaya ba. Man da masu wankin mota ke shafa wa roba don ta yi sheƙi yana da silikon, kuma ɗigon silikon kaɗan ya isa ya buɗe idon kifi a fenti. Ni sai da na wanke nawa sau 4. Yadda za ka gane ya fita: ka kwarara ruwa a kai bayan ka goge shi da soso. In ruwan ya shimfiɗu, ka kusa. In yana tsinkewa a wasu wurare yana gudu daga wani tabo, akwai sauran maiƙo a nan.

Kada ka fara sanfefa kafin wanki, don za ka tura maiƙon cikin ƙarzar ne. Bayan wanki sai soson Scotch-Brite mai launin toka, ko sanfefa mai lamba 400 zuwa 600 da ruwa, har sheƙin tsohuwar fuska ya mutu ko'ina, musamman lunguna da gefen haruffa, inda kwarewa ke farawa. Ka sake wankewa, ya bushe, ka goge da sifirit irin na kyamis da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. Daga nan kada hannunka ya sake taɓa fuskar.

Sai firaimar roba, wadda masu shago ke kira filastik firaima. Ruwa ce garai-garai, ba ta da launi, ba ta cike rami, aikinta kawai ta kama robar ta ba fenti wurin riƙewa. Ana samun ta da sunaye irin su Bulldog da SEM da 3M da Dupli-Color. Ana fesa ta sirara, kamar raɓa, a jira 'yan mintoci, sannan a ɗora abin da ke biye cikin lokacin da aka rubuta a gwangwanin. In ka wuce wannan lokacin, ta tashi aiki. A kan PP wajibi ce. A kan nailan ma ni ina sa ta, don kuɗinta bai kai ɓacin ran sake aiki ba. In ba ka same ta a shagunan fentin mota na cikin Katsina ba, ka aika Ƙofar Ruwa a Kano a nemo maka. Kada ka bari a ba ka firaimar ƙarfe mai launin toka a ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Akwai shawarar da ya kamata ka yanke a wannan gaɓar. Yawancin murafan nan ba sumul suke ba, suna da ɗan kaushi kamar fatar jaka. In ka ɗora fenti mai ƙyalli a kan wannan kaushi, zai fito kamar ɓawon lemo. Ko dai ka yarda da kaushin ka zaɓi launi marar ƙyalli sosai, ko ka cike shi da firaima mai kauri, ka goge da 600, ka ƙara, ka goge, har ya yi sumul kamar jikin mota. Na biyun yana iya cin kwana 2 zuwa 3, kuma shi ne bambanci tsakanin murfin da aka fesa da murfin da ake tambayar daga ina ka sayo shi.

To, hanya ta farko ita ce gwangwanin feshi na gama-gari, wanda ake fesa wa keke da ƙofa da ƙarfen taga. Shi ya fi arha, yana ko'ina. In ka yi sharar fage da kyau zai kama, zai kuma yi kyau a watannin farko. Rauninshi shi ne bushewar iska kawai yake yi, ruwan da ya narkar da shi ya tashi ya bar launi. Duk abin da ya yi kama da wannan ruwan yana iya sake narkar da shi. Ɗigon fetur daga hannun bakanike, ko feshin wanke fulogi, sai ka ga wurin ya yi laushi ya bar shaida. Ga wanda zai sayar da mota nan da wata biyu yana iya wadatarwa, amma ban ga dalilin da mutum zai kwashe kwana uku yana wanki da gurza sannan ya rufe wahalarshi da abin da bai jure fetur ba. Arha ba ta ado.

Ta biyu ita ce gwangwanin da aka yi musamman don inji. Ba lambar zafinshi ce ta sa nake girmama shi ba, juriyarshi ga mai ce. In ya gama taurara, baƙin mai da ɗan fetur da aka goge da wuri ba sa yi mashi illa. Shi ne mafi dacewa ga wanda yake so ya yi komai da hannunshi a gida ba tare da kwamfuresa ba. Yana da ƙa'idoji da ba ya yafewa. Ka girgiza shi minti 1 zuwa 2 bayan ka ji ƙwallon ciki ya fara ƙara. Ka tsaya nesa da murfin kamar santimita 20 zuwa 30. Hawa biyu na farko su zama sirara, ana hango robar ta ƙasa, na uku ne zai ɗan jiƙe. Tsakaninsu kamar minti 10. Abin da ya fi kama mutane shi ne lokacin ƙari: yawancinsu suna cewa ka gama duk hawan cikin awa 1, in ka wuce haka sai ka jira kwana 2 a wasu, kwana 7 a wasu. Wanda ya tashi washegari ya ga wani wuri bai cika ba ya ƙara fesawa, yana tsaye zai ga fentin ya tattare kamar fatar tsohuwa, sai gurzewa daga farko. Launukanshi kaɗan ne, ja da baƙi da shuɗi da ruwan azurfa da makamantansu, kuma sheƙinshi bai kai na jikin mota ba. A cikin danginshi akwai mai tattarewa da gangan, wanda ke ba da fuska mai yamutsi irin ta jajayen murafan injinan Ferrari da Honda masu gudu. Yana ɓoye kaushin roba da tsofaffin ƙarzuna ba tare da firaima mai kauri ba, sai dai ka tuna inda kake: ƙurar Katsina tana son wurin maƙalewa, kuma wanke ta daga wannan yamutsi sai da burushi.

Ta uku ita ce roba mai ɓarewa, irin Plasti Dip. Samari suna son ta don ba ta buƙatar gurza, kuma in ka gaji da launin sai ka kama baki ka ɓare. Wannan gaskiya ne in ka yi mata hawa 5 ko 6 ta yi kauri. In ta yi siriri, yagewa take yi ƙanana-ƙanana, ka wuni kana tsinta. Kamfanin da ke yin ta ya sa iyakar zafinta a 200 na Faranhait, wato digiri 93, daidai inda ɗakin inji ke kaiwa in ka kashe mota bayan doguwar tafiya, lokacin da iska ta daina shiga zafi ya taru a ƙarƙashin bonet. Ka taso daga Daura da rana tsaka a watan Afrilu ka faka, wannan zafin take sha. Fetur yana narkar da ita nan take, fuskarta kuma tana riƙe ƙura. Amfaninta ɗaya da na yarda da shi: gwajin launi. In kana shakkar ko ruwan goro zai dace da baƙar motarka, ka fesa ta a murfin gefe, ka zauna da ita wata ɗaya, ka ɓare.

Ta huɗu ita ce hanyar jikin mota: launin da masu fenti ke kira otobes, sannan ruwan sheƙi mai haɗi biyu, wanda ake cuɗawa da hadna, wato ruwan da ke sa shi taurara, galibi biyu da ɗaya ko huɗu da ɗaya gwargwadon abin da aka rubuta a gwangwanin. A nan ba bushewa kawai ake yi ba. Ruwan da hadnar suna sarƙewa su zama sabon abu mai tauri, wanda fetur ba ya iya mayar da shi baya. Shi ne abin da ke kan bonet ɗinka, wanda rana ke gasawa daga sama inji na gasawa daga ƙasa shekara da shekaru. Shi kaɗai ne zai ba ka daidai launin motarka, domin ana haɗa shi da lambar fentin da ke manne a jikin motar. Shi ya fi zurfin sheƙi, shi ya fi daɗewa, kuma in ƙura ta faɗa mashi za ka iya bi da sanfefa 1500 da 2000 ka goge ya dawo kamar madubi. Man birki kam yana cin shi in aka bar shi ya zauna, kamar yadda yake cin kowane fenti, don haka wanda ya zuba ya wanke da ruwa nan take.

Ta kowace fuska ta aiki wannan hanya ta fi. Amma akwai abin da ya sa ba na cewa kowa ya yi ta a gida, kuma ina so a ɗauki maganar da muhimmanci. Hadna tana ɗauke da sinadarin aisosayanet. Hazonshi in ya shiga huhu yana iya haddasa asma, kuma wanda jikinshi ya riga ya kamu, ko ɗan kaɗan ya sake shaƙa sai ƙirji ya toshe, abin yana iya binshi har ƙarshen rayuwa. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya tana lissafa masu feshin mota cikin waɗanda suka fi kamuwa da asmar wurin aiki, kuma abin da take buƙata gare su shi ne takunkumin da ake tura wa iska mai tsabta ta tiyo. Takunkumin kyalle ko na asibiti bai tare komai a nan. Yanzu ka dubi gidajenmu: tsakar gida ɗaya, ga yara na wasa, ga madafa, ga shanya a igiya, ga tsohuwa zaune a inuwa. Hazon ba ya tsayawa inda ka fesa shi. Akwai ruwan sheƙi mai haɗi biyu na gwangwani, irin na SprayMax, wanda ake danna wani jan maɓalli a gindinshi hadnar ta fashe a ciki, a yi amfani da shi cikin kamar awa 48, ƙasa da haka ma in ana zafi. Ya kawar da buƙatar kwamfuresa da bindiga, amma sinadarin da ke cikinshi shi ne dai wancan. Ƙanƙantar gwangwanin kada ta ruɗe ka.

Sauran hanyoyin zan wuce su da sauri. Sitika tana kyau a shimfiɗaɗɗen wuri, amma murfin inji duk lanƙwasa ne da kaushi, zafi yana ɗaga bakinta. Zanen da ake tsomawa a ruwa, mai fitar da saƙar kabon ko wani ado, ba ya kuɓutar da kai daga komai: sai ka yi wanki da firaimar roba da launin ƙasa, sannan ka rufe da ruwan sheƙi. Ƙarin aiki ne, ba madadi ba. Sai kuma barin robar yadda take, a wanke ta tsaf a shafa mata maganin dawo da baƙi wanda ba shi da maiƙo. Ga wanda ba shi da sati guda na haƙuri, wannan ita ce shawara ta gaskiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, don murfi mai kwararren fenti ya fi koɗaɗɗe muni, kuma mai saye yana ganinshi ya fara zargin me aka ɓoye.

Duk hanyar da ka ɗauka, yanayin garinmu yana da tashi magana. Fentin feshi ya fi son digiri 18 zuwa 27 da iska marar motsi. A bazara, Maris zuwa Mayu, Katsina tana taɓa digiri 40. A irin wannan zafi fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, ya zauna gurtsi-gurtsi kamar yashi. Kada ka fesa a rana, kada ka fesa wa murfin da ya sha rana, kada kuma ka bar gwangwani a but ɗin mota, don an rubuta a jikinshi kada ya wuce digiri 50. A hunturu sanyin safiya yana da kyau, amma iskar ta bushe ƙwarai, kuma roba in ka goge ta da busasshen tsumma tana ɗaukar wani maganaɗisu ta riƙa jawo ƙura da kanta. Ranar da buji ya sauka har hasumiyar Gobarau ta dushe daga nesa, ka ajiye aikin. A Agusta laima ce matsala, ruwan sheƙi yana iya yin fari-fari kamar an hura wa gilashi numfashi. Lokacin da na fi jin daɗi shi ne ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, da hantsi, kafin iska ta tashi. Ka samu rumfa ko gareji mai buɗaɗɗiyar ƙofa nesa da wuta da janareta, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ka ɗora murfin a kan bulo, ka tanadi babban kwali mai tsabta da za ka kifa a kai da zarar ka gama.

Abubuwan da ba a fesa wa: tankin man birki da na ruwan lagireto, don ta jikinsu ake ganin matakin ruwa, da marfin zuba mai da kan sandar awon mai masu launi don a gane su, da takardun bayani da ke manne, da ƙafafun da murfin ke zama a kai. Ka rufe su da tef ɗin takarda.

Ga yadda nake raba shawarar. Wanda ke son launi mai tsabta, ja ko baƙi, yana son ya ce da hannuna na yi, kuma ba ya neman sheƙin madubi, ya sayi firaimar roba da gwangwanin inji, ya sa takunkumi mai gawayi, ya yi abinshi a gida. Zai samu aikin da zai yi shekaru in ya kiyaye shi daga man birki. Wanda ke son murfin ya zama launin jikin motar sak, ya raba aikin gida biyu, kuma wannan ce hanyar da na bi a karo na biyu. Wanki da gurza da cike kaushi na yi su a gida, cikin kwana 4, don wannan ne ɓangaren da mai fenti mai motoci biyar a layi ba zai ba shi lokacin da kai za ka ba shi ba. Sannan na naɗe murafan a tsohon zanen gado mai tsabta, na kai wa dattijon nan tare da firaimar robar da na saya, na tsaya daga nesa ya fesa ta, ya bi da launi da ruwan sheƙi a wurin aikinshi.

Na kai mashi har da wani fasasshen yankin PP da na tsinta a gareji, aka yi mashi duk abin da aka yi wa murafan. Bayan kwana 7 na ɗauki reza na tsaga shi gida-gida kamar daran wasa, na manna tef mai ƙarfi, na danna, na fizge. Ko gida ɗaya bai tashi ba. Wannan gwajin shi masana'antun fenti ke yi don auna kamawa, kuma kai ma ka yi shi a kan wani yanki ko a bayan murfi kafin ka amince da kowane gwangwani.

Sai a rana ta takwas na mayar da su. Na shafa ruwan sabulu a ƙafafun robar don su shige ba tare da na buga saman fentin ba, na ɗaure notocin da hannu ba da ƙarfi ba. Ƙanena da ke riƙe mani bonet ya ce, "Yaya, yanzu sai ka hana kowa taɓawa." Na ce ba zai yiwu ba, mota sai an taɓa ta. Abin da nake yi shi ne, duk ranar juyen mai, ni nake cire murfin sama da kaina in ajiye shi a kujerar baya kan tawul kafin bakanike ya ɗauko sifana, in an gama kuma inji ya huce in mayar.